Ɗan-tsalle, ƙaramin malam-buɗe-littafi na gonar shinkafa da dawa

  

Hirarmu ta yau bisa wani ɗan ƙwaro take. Ƙarami ne, ba shi da ado, kuma da yawa cikinku sun sha ganinsa ba su kula da shi ba. Dangin malam-buɗe-littafi ne. Amma kada ku sa ran ganin manyan fukafukai masu zanen ja da ɗorawa, irin waɗanda yara ke kora bakin rijiya. Shi wannan ruwan ƙasa ne, kamar busasshen ganye. In ya tashi kuma, kafin ku ƙifta ido ya ɓace.

Wani zai ce: to, ina ruwanmu da shi? Ruwanmu da shi ɗaya ne. Tsutsarsa tana cin ganyen shinkafa, da dawa, da masara, da rake. Manomi ya shiga gona da safe, ya tarda ganye a naɗe, an gutsure gefensa, sai gabansa ya faɗi. Ya tuna da murzuna, ya tuna da tsutsar masara, ya nufi kasuwa sayen maganin feshi. Sau da yawa wannan kuɗi asara ne, don ɓarnar wannan tsutsa kaɗan ce. Wanda ya iya gane ta, ya iya raba ta da miyagun tsutsotsi, kuɗinsa sun tsira.

SUNANSA

Malaman gona da suka yi karatu da Faransanci suna kiran danginsa «esperi». Dangi ne babba: a duniya akwai irinsu fiye da 3500. Mu guda za mu ɗauka, wanda masana ke rubuta sunansa Pelopidas mathias. Wani masani ɗan ƙasar Danmak, mai suna Fabricius, shi ya fara bayyana shi cikin littafi a shekarar 1798, bisa wani da aka kamo a Indiya. Sunan yana da nauyi ga harshe. Saboda haka cikin wannan hira za mu riƙa ce masa ɗan-tsalle, don tashinsa ya fi kama da tsalle: daga wannan ganye, fir, sai wancan.

Ba namu ba ne mu kaɗai. Yana ko'ina cikin Afirka, yana ƙasashen Larabawa, yana Indiya, har Sin da Japan. Wani ɗan Danmak ɗin kuma, Torben Larsen, ya wallafa babban littafi a 2005 bisa malam-buɗe-littafin Afirka ta Yamma, ya ƙirga kusan iri 1500. Galibinsu na kurmi ne, can kudu inda ruwa ya yi yawa. Kaɗan ne ke iya zama a ƙasa irin tamu mai dogon rani. Ɗan-tsalle yana cikin waɗannan kaɗan ɗin.

YADDA ZA KU GANE SHI

Ku fara da girma. In ya buɗe fukafukansa duka, faɗinsu santimetir 3 zuwa 4 ne. Wato faɗin yatsu biyu na babban mutum.

Sai jiki. Malam-buɗe-littafin da kuka saba gani, jikinsa siriri ne, fukafukansa manya, yana tafiya yana lilo kamar iska ke ɗauke da shi. Ɗan-tsalle akasin haka yake. Jikinsa kakkaura ne mai gashi, kansa babba, idanunsa manya kuma nesa da juna, fukafukansa gajeru masu tsini. Ƙirjinsa cike yake da naman da ke kaɗa fiffike. Shi ya sa tashinsa ke da sauri haka, har ido ba ya iya binsa.

Wannan kauri da wannan launi su ke sa mutane su ɗauka irin na dare ne, waɗanda ke taruwa wurin fitila. A nan ne rikicin yake, domin galibin tsutsotsin da ke cinye amfanin gona ƴaƴan na dare ne. To, ga abin da zai raba muku gardama. Ku duba kansa. Akwai ƴan ƙahoni biyu sirara kamar zare. Na mai tashi da dare, ƙahon siriri ne har ƙarshe, ko kuwa yana da gashi-gashi kamar gashin kaza. Na malam-buɗe-littafi na kullum, ƙarshen ƙahon yana da ɗan kai kamar kan ashana. Na ɗan-tsalle ma yana da wannan ɗan kai, amma bayansa akwai ɗan tsini da ya lanƙwashe kamar ƙugiyar kamun kifi. In kun ga ƙugiyar nan, magana ta ƙare. Ban da haka, shi da rana yake yawo.

Zamansa ma alama ce. In ya sauka shan hantsi, fukafukan baya biyu sai ya shimfiɗa su, na gaba biyu kuma ya ɗaga su rabi. Kamar ƙaramin jirgin sama da ke shirin tashi. In yana hutawa ko yana shan ruwan fure, sai ya haɗe su duka bisa bayansa.

Yanzu ku matso kusa, a hankali, kada inuwarku ta faɗa masa. Bisa fiffiken gaba za ku ga ƴan ɗige-ɗige farare, ƙanana, waɗanda haske ke ratsawa kamar an huda da allura. A ƙarƙashin fiffiken baya kuma akwai wasu ƴan ɗigo farare da suka jeru kamar baka, da guda a tsakiya. Namiji yana da wata shaida da mace ba ta da ita: wani siririn layi mai duhu a karkace, tsakiyar fiffiken gaba. Daga wannan layi yake fitar da ƙanshin da ke jawo mace. Mu ba mu jin ƙanshin, ita tana ji. Mace kuma ɗigonta sun fi girma kaɗan.

Yana da ɗan'uwa na kusa, Pelopidas thrax, wanda ya ɗan fi shi girma, kuma layin namijinsa fari-fari ne. Akwai wasu ma masu kama da su, har masana kansu sai sun kama sun duba da gilashi kafin su rantse. Kada wannan ya dame ku. Dukkansu ciyawa tsutsarsu ke ci, kuma abin da za mu faɗa bisa guda ya shafi sauran.

Wani hali na namijin yana da ban dariya. Yakan zaɓi ganye guda a bakin hanya ko bisa kunyar gona, ya zauna yana gadi. Duk ƙwaron da ya gifta, sai ya bi shi da gudu, ya kore shi, ya komo bisa ganyen nan dai. Mace yake jira. Saboda haka in ya tashi ya ɓace muku, kada ku bi shi. Ku tsaya inda kuke. Zai komo.

DAGA ƘWAI ZUWA FIFFIKE

Shi babban, mai fiffike, ba ya cin ganye ko kaɗan. Ba shi da haƙoran yin haka. Bakinsa dogon tsinke ne mai rami, a naɗe ƙarƙashin kai kamar gammo. In ya sauka bisa fure sai ya warware shi, ya zuƙi zaƙi. Yana yin haka yana kwasar garin fure daga wannan zuwa wancan, kamar yadda ƙudan zuma ke yi, ko da yake aikinsa bai kai nasu ba.

Mace in za ta yi ƙwai, sai ta sauka bisa ganye ta ɗanɗana shi. Da ƙafa take ɗanɗano, ba da baki ba. Ikon Allah ke nan. In ta ji dangin ciyawa ne, sai ta ajiye ƙwai guda ɗaya tak, ta tashi ta nemi wani ganye. Ƙwan fari-fari ne, bai kai ƙwayar hatsi ba, siffarsa kamar ƴar ƙwarya a kife. Ku riƙe wannan magana ta ƙwai guda guda, don tana da muhimmanci. Tsutsar masara, uwarta tana zuba ƙwai da yawa wuri guda, su ƙyanƙyashe tare, su auka wa shuka kamar runduna. Ɗan-tsalle kuwa rarraba nasa yake yi. Shi ya sa ba ku cika tarda tsutsarsa fiye da guda bisa ganye ba.

Bayan kwana 3 zuwa 5 ƙwan ya fashe, ƴar tsutsa ta fito. Aikinta na farko gina ɗaki. Tana da zare a bakinta kamar na gizo-gizo. Sai ta kai zare daga wannan gefen ganye zuwa wancan, ta koma, ta sake kaiwa. Zaren yana bushewa yana jan gefen biyu, har ganyen ya rufe ya zama kamar bututu. Cikin wannan bututu take wuni. Da maraice da dare sai ta leƙo ta ci gefen ganyen, ta koma ciki. In ta girma ɗakin ya yi mata kaɗan, sai ta gina wani, wani lokaci ta haɗa ganye biyu.

Ku buɗe ɗaya daga cikin ganyayen nan ku gani. Tsutsar tsanwa ce shar, jikinta sumul, ba gashi, da ƴan layuka masu haske bisa bayanta. Abin da ya fi fita a jikinta shi ne wuya. Kanta babba ne, wuyanta siriri, kamar an ɗaure shi da zare. Sauran tsutsotsin gona ba su da irin wannan wuya. In ta girma, kan nan tsanwa ne, da layi biyu ja-ja, ɗaya kowane gefe, masu farin baki. Layukan sun kusanci juna a sama, sun buɗe a ƙasa, kamar harafin A da aka cire masa sandar tsakiya. In ta ƙoshi tsawonta yakan wuce santimetir 3.

Ga wani abin mamaki. Ɗakinta kullum tsab yake. Ba ta barin kashinta ciki. Tana da wata ƴar gaɓa a bayanta mai kama da matsefi, da ita take harba kashin nesa da ganyen. Dalili kuwa, rina da zanzaro da warin kashi suke gano maɓoyar tsutsa. In kashin ya yi nisa, sun ɓata hanya.

Tana ci tana girma har wajen mako 3. Fatarta ba ta miƙewa, saboda haka takan yi saɓa kamar maciji, galibi sau 4. Daga nan sai ta daina ci. Ta ɗaura wa kanta ɗamara ta zare a jikin ganye, ta yi saɓa ta ƙarshe, ta zama wani ƙunshi tsanwa mai tsini a kai kamar ƙaho. Ba ya ci, ba ya tafiya. Mai gani zai ce ya mutu, alhali cikinsa ne ake ƙera fukafukai da ƙafafu da idanu. Bayan mako guda zuwa kwana 10 ƙunshin ya tsage, ɗan-tsalle ya fito da fukafukai jiƙaƙƙu a dunƙule. Ya rataya har su miƙe su bushe, sannan ya tashi.

In kun haɗa lissafi, daga ƙwai zuwa mai fiffike wata guda ne da ƴan kwanaki. Lokacin zafi abin ya fi sauri, lokacin ɗari ya fi jinkiri. Ke nan cikin damina guda ana iya samun haihuwa biyu ko uku.

INDA YAKE ZAUNE

Ɗan-tsalle ɗanyar ciyawa yake bi. Inda duk dangin ciyawa suka yi tsanwa, kuma rana tana faɗawa, nan ne gidansa. Ba ya son inuwar kurmi mai duhu. A daji tsutsarsa tana cin ciyayi irin su tofa da gamba. A gona tana cin abin da muka ambata, domin shinkafa da dawa da masara da rake duk dangin ciyawa ne, haka ma hatsi. Amma ba ta taɓa wake, ba ta taɓa gujiya, ba ta taɓa albasa. In kun ga ganyen kuɓewa ko na kaɗa a naɗe, ku nemi mai laifi wani wuri, ba ita ba ce.

Da damina, in ƙasa ta yi tsanwa, sai ya bazu. Yana da ƙarfin tafiya mai nisa, yana bin ruwan sama. Ƙarshen damina, wajen watan 9 da watan 10, shi ne lokacin da ya fi sauƙin gani, don haihuwa ta taru bisa haihuwa. Ku neme shi da hantsi, bakin gona, inda ƙananan furanni suke.

Da rani fa? Ciyawar tudu ta bushe, to sai inda laima ta rage. Ku duba fadama da bakin tabki, kamar tabkin Madarunfa. Ku duba garake cikin gulbin Maraɗi. Ku duba koramu na wajen Matamaye da Magarya, inda ake noman rake. Ku duba gandun noman rani na Ƙonni da na Jiratawa. Bakin kogin Kwara kuma, daga Tilaberi zuwa Kollo har Gaya, akwai gandun shinkafa da hukumar ONAHA, wadda aka kafa a 1978, ke kula da su. A can ana noman shinkafa sau biyu a shekara. Ga ƙwaro mai cin ganyen shinkafa, wannan rumbu ne da ba ya ƙarewa. Manoman waɗannan wurare su suka fi kowa haɗuwa da shi, su ne kuma wannan hira ta fi shafa.

ƁARNARSA NAWA CE?

Mu faɗi gaskiya: tsutsar tana ci. Tana farawa daga gefen ganye, ta yanke manyan gutsattsari, wani lokaci sai ta bar jijiyar tsakiya kaɗai. Ganin wannan ba daɗi. A ƙasashen Asiya, inda aka fi mu noman shinkafa, an daɗe da sanin ta, kuma an sa ta cikin ƙananan maɓarnata. Takan yi yawa jefi-jefi, amma galibin shekaru ba ta rage amfani yadda za a ji a buhu.

Dalili yana ga ita shinkafar. Lokacin da take ƙarama tana ƴaƴa, ganye take fitarwa fiye da bukatarta. In an ci wani, sai ta fito da wani. Ku tuna da dawar da akuya ta gutsura tun tana ƙarama: in ba a taɓa zuciyarta ba, ai takan tashi. Tsutsar ɗan-tsalle ba ta shiga cikin kara, ba ta cin zuciya, ba ta hawa zangarniya. Ganye kaɗai ne abincinta.

Bari in ba ku labarin wani gwaji da aka yi, kuma da rediyo aka yi shi. A kudancin ƙasar Biyetnam, cikin lardin Long An, manoman shinkafa sun saba feshi tun shuka tana ƙarama, saboda wata tsutsa mai naɗe ganye. Ba tamu ba ce, wata iri ce, amma aikinsu ya yi kama. A 1994 malaman gonar ƙasar, tare da cibiyar binciken shinkafa ta duniya, IRRI, suka yi kira ta rediyo da takardu. Suka ce wa manomi: kada ka yarda da maganarmu, ka gwada da kanka. Ka ware wani yanki na gonarka, kada ka fesa masa maganin ƙwari cikin kwana 40 na farko. Sauran ka yi yadda ka saba. In an yi girbi ka auna. Manoma suka gwada, suka ga amfanin bai ragu ba. Bayan haka yawan feshi a lardin ya sauko daga fiye da sau 3 a kowane noma zuwa ƙasa da sau 2.

A ganina wannan gwaji ya fi dogon wa'azi. Kowane manomi na iya yin irinsa cikin fangali guda.

Akwai dai lokacin da ya kamata a sa ido sosai. In shinkafa ta ɗauki ciki, ganyen nan na ƙarshe da ke tsaye kusa da zangarniya shi ke ciyar da ƙwaya. In aka cinye shi, ƙwaya ba ta cika. To, a wannan lokaci ku ratsa gona daga kusurwa zuwa kusurwa. Ku tsaya wuri 20, ku duba gindi guda a kowane wuri, ku ƙirga ganyayen da aka naɗe. Ku rubuta adadin cikin kaye, da ranar. Bayan mako guda ku sake. In adadin yana nan ko ya ragu, ku bar gona ta huta. In yana hawa da sauri, ku kai wa malamin gona kayen, da ƴan ganyayen cikin leda, ya gani da idonsa kafin ku sayi komi. A ƙaramin fili kuma hannu ya isa: naɗaɗɗen ganye ba ya ɓoyuwa, sai a matse shi, ko a tsinke a zuba wa kaji.

KADA A RIKITA TA DA WAƊANNAN

Murzuna ba ta zama bisa ganye. Cikin zangarniyar hatsi take. Uwarta mai tashi da dare ce, tana yin ƙwai bisa kan hatsi in ya fara fitowa. Tsutsar tana yanke ƴan sandunan fure tana zagaya zangarniya, shi ya sa kuke ganin hanya a murɗe kamar igiya. Ta zama babbar annoba a ƙasashen Sahel bayan farin shekarun 1972 zuwa 1974. Ita kam abin tsoro ce.

Tsutsar kara tana cikin kara. Zuciyar shuka ta bushe, ko kara ya karye, in kun tsaga sai ku tarda ta ciki. Cikin busasshen karan hatsi take yin rani.

Tsutsar masara baƙuwa ce. Daga nahiyar Amurka ta zo, an fara ganinta a Afirka ta Yamma a 2016. Tana shiga cikin kunnen masara, ta huda ganye, ta bar kashi tuli kamar dussa. Launinta ruwan ƙasa ne ko tsanwa mai duhu. A goshinta akwai alama kamar harafin Y da aka juya kansa ƙasa. A bayanta kusa da wutsiya akwai baƙin ɗigo 4 da suka yi kusurwa huɗu. Ku kwatanta da tamu: tamu tsanwa shar, siririn wuya, ɗaki mai tsabta. Waccan ƙazama ce, kashinta ke fara tona ta.

Cikin shinkafa kuma akwai wata ƙaramar tsutsa mai naɗe ganye. Ita kankare tsanwar ganyen take yi daga ciki, ta bar shi fari kamar takarda. Ta ɗan-tsalle ba ta kankara, yanka take yi.

MASU CIN TA

Da duk ƙwan da ɗan-tsalle ke yi yana kaiwa ga girma, da ba mu ga ganyen shinkafa ba. Kaɗan ne ke kaiwa. Tsuntsaye suna tsince tsutsar. Gizo-gizo yana kama uwar, haka mazari da ƙoƙi-ƙoƙi da ƙadangare. Zanzaron nan da ke gina ɗakin laka a bangon ɗakinku, ku fasa tsohon gininsa wata rana ku gani: tsutsotsi ya tara wa ƴaƴansa.

Amma manyan masu aikin ba a cika ganinsu ba, don ƙanana ne ƙwarai. Akwai wasu ƴan mitsi-mitsin dangin zanzaro, wasunsu ba su kai kan allura ba. Wata tana huda ƙwan ɗan-tsalle ta sa nata ƙwai ciki, sai ƙwan ya yi baƙi, tsutsa ba ta fitowa. Wata tana sa ƙwai cikin jikin tsutsar, ƴaƴanta su ci ta daga ciki, su fito su saƙa ƴan ƙunshi farare a gefenta, kamar ƙwayoyin shinkafa ƙanana. In kun buɗe ganye kun ga waɗannan fararen abubuwa, kada ku murje su. Ba ƙwan tsutsa ba ne. Sojojinku ne. Ku rufe ganyen ku bar su.

Mutanen jihar Maraɗi da Tawa da Damagaram da yawa sun san irin wannan aiki. Masu binciken cibiyar INRAN suna kiwon wata ƴar zanzaro mai kashe murzuna, ana kai ta ƙauyuka cikin ƴan buhunan algarara, ta fito ta bazu cikin gonakin hatsi. To, maganin feshi ba ya tambayar suna. Yana kashe ta, yana kashe gizo-gizo da ƙudan zuma. Cikin gandun shinkafa yana bin ruwa ya kai ga kifi. Ita kuwa tsutsar ɗan-tsalle tana kwance cikin bututunta, sau da yawa maganin ma ba ya isa gare ta sosai. Ke nan mai feshi ba bisa ƙa'ida ba ya kashe masu gadi ya bar wanda ake gadi. Ga kuɗin magani, ga haɗari ga mai feshin da ke aiki ba safar hannu, ba abin rufe hanci.

Wasu za su ce a ƙone ciyawar bakin gona duka, tunda can take samun mafaka. Ni ban ga haka ba. Cikin gona a yi noma a cire haki, wannan wajibi ne. Amma layin gamba da ke kan iyaka yana tare ƙasa kada iska da ruwa su kwashe ta, yana ba ku zana, kuma cikinsa ne gizo-gizo da ƴan zanzaron nan ke fakewa in an girbe gona. Furannin da ke wurin su ke ciyar da su.

GWAJI A GIDA

Ga wani aiki da za ku iya yi tare da yara. Ku samo kwalba mai faɗin baki, ku wanke ta. Ku tsinko naɗaɗɗen ganye da tsutsarsa ciki, ku sa. Ku rufe bakin da ƙyalle, ku ɗaure da zare, don iska ta riƙa shiga. Ku ajiye a inuwa, inda tururuwa ba ta kaiwa. Kowace safiya ku sa sabon ganye irin wanda kuka same ta bisa kansa, ku zubar da tsohon da kashin. Ku rubuta ranar da kuka kamo ta, da ranar da ta daina ci, da ranar da ta zama ƙunshi. In ta zama ƙunshi kada ku taɓa ta. Ku sa ɗan tsinke a tsaye cikin kwalbar, don mai fitowa ya sami abin ratayawa.

Ran da ya fito, kafin ku sake shi, ku duba ƙugiyar ƙahonsa da ɗigon fiffikensa, ku ga ko namiji ne mai layi ko mace. In mutum 10 cikin ƙauye suka yi wannan gwaji, ba duka kwalaben za su ba da ɗan-tsalle ba. Cikin wasu, ƙuda mai gashi ne zai fito, ko ƴan zanzaro. Ku ƙirga kwalba nawa ta ba da wannan, nawa ta ba da wancan. Su ƴan zanzaron da ƙudan, ku kai kwalbar cikin gonar da kuka ɗauko ganyen, ku kwance ƙyallen a can.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.